Motar da Aka Gine a Gidan Hajjo

Hajjo ta Ƙofar Taramniya fataucin fatun jar akuya take yi tun mijinta na da rai, da ya rasu kuma ba ta bari ba. Jakuna ke kai mata kaya Zariya, inda jirgin ƙasa yake, su yi makonni a hanya. A shekarun da motoci suka fara shigowa Sakkwato, wani Baturen kamfani da zai koma ƙasarsu ya sa tsohuwar motarsa ta ɗaukar kaya a kasuwa. Hajjo ta aika ƙanenta Sodangi ya saya mata, ta ɗauki Arzika, wanda ya koyi tuƙi a soja, ya zama direbanta.

Kwana uku da sayen, Malam Siddiƙu akawu ya yi sallama a zaure. Ɗan ƙawarta ne, a ofishin Baturen gwamnati yake aiki. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya daɗe yana juya takardar hannunsa.

"Inna, motar ga shekara biyu ba a biya harajinta ba. An ce ki biya duka da tara, in ba haka ba gobe 'yan doka su tafi da ita bariki."

"Shekara biyun nan wa ke hawanta?"

"Baturen da ya sayar miki."

"To, ku tambaye shi."

"Ya riga ya shiga jirgin ruwa, Inna. Doka ta ce harajin mota motar yake bi."

"Sa'ad da yana nan kuna gaisawa kullum, mi ya hana doka ta bi shi?" in ji Hajjo. "Tashi ka tafi, ka isar da saƙonka. Ka gaida uwarka."

Yana fita ta sa aka kira magina. Kafin azahar sun rushe katangar bayan gida daidai faɗin mota. Arzika ya tuƙa ta a hankali ya tsayar da ita tsakar gida, kusa da rumbu. Aka kwaɓa ƙasa, aka jera tubali, kafin la'asar ta yi sanyi katanga ta koma yadda take.

Washegari da hantsi Baturen gwamnati ya iso a kan doki, da 'yan doka huɗu, Siddiƙu yana yi masa tafinta. Suka tarar da sawun taya ya ƙare a jikin ɗanyar katanga. Mazan unguwa sun fito sun zazzauna a gindin bango. Hajjo ta zauna a zaure bayan asabari.

Bature ya ce a faɗa mata ta fito da mota.

"Ƙofar gidana ga ta nan, mota ba ta wucewa ta cikinta," in ji Hajjo. "In katanga za shi fasa, ya sani akwai matan aure biyar a ciki, matan ɗiyana da na ƙanena. Ya fasa da hannunshi, kowa na gani."

'Yan dokan duk 'yan gari ne, suka sunkuyar da kai. Bature ya dubi mutanen da ke zaune, ya dubi katangar. Ya ce a gaya mata motar za ta ruɓe a nan.

"Tawa ce. In ta ruɓe ni ta ruɓe wa."

Ya juya dokinsa, ya bar ɗan doka ɗaya yana gadin katanga.

Jakuna suka koma hanyar Zariya. Damina ta sauka, aka rufe motar da zana da tsofaffin fatu. Kowace Jumma'a da safe matan gida su shige ɗakunansu, Arzika ya shigo ya murɗa ƙarfen gaba ya tayar da ita don kada injin ya mutu. Ƙarar takan kai har bakin kasuwa, mai gadi yana zaune a waje yana ji. Da rana Hajjo takan aika masa da fura.

Sodangi ne abin ya fi damu. Wata rana ruwa ya jiƙa musu kaya a hanya, fatu da yawa suka lalace. Ya zo ya zauna gabanta.

"Yaya, asarar da munka yi ta wuce abin da suke nema. Ki biya mu huta."

 Hajjo ma asarar ta taɓa ta, kwana biyu ba ta ci abin kirki ba. Ta ce, "Na sani, Sodangi. Amma ban hau ba, ba ni biya."

Labari ya bazu cikin fatake. Turawan kamfani biyu da suka so sayar da motocinsu kafin su tafi suka rasa mai tayawa, kowa ya ce yana tsoron a biyo shi da harajin wani. Su da kansu suka kai kuka ofis.

Bayan an yanke gero, Siddiƙu ya dawo da wata takarda, wannan karon da fara'a.

"Inna, an yafe na baya. An ce ki biya daga ranar da kinka saya."

"Wata bakwai tana tsakar gidana, ba ta taka hanyar kowa ba. Daga ranar da ta fito zan biya."

Siddiƙu ya yi sintiri sau uku tsakanin ofis da zaure kafin a yarda. Aka sake kiran magina suka buɗe katanga. Da aka yaye zana, sai aka ga tayoyi biyu sun tsattsage, ɓeraye kuma sun cinye kujerar direba. Sai da aka jira kwana goma sha tara kafin sababbin tayoyi su iso daga Kano. Ranar da aka ɗaura su, Arzika ya shimfiɗa buhu ya zauna a kai, aka loda fatu, Sodangi ya hau gefensa suka kama hanyar Zariya.