Ƙwan Kajin Lutgarde

Kajin ba nawa ba ne tun asali, na matata ne, Lutgarde. Da ta rasu ta bar mini su guda shida a bayan gidanmu, da akurkin da na haɗa mata da katakon tsohuwar ƙofa. Shekara talatin da ɗaya na yi ina tuƙa taragon cikin gari a birnin Antwerpen, ban taɓa kama kaza da hannuna ba sai da na zama gwauro. A hankali na saba da su, har na san wadda ke ɓoye ƙwanta a gindin shinge.

Ranar Laraba makaranta na tashi da tsakar rana, 'yata Griet kuwa ba ta baro asibitin haƙoran da take aiki sai yamma. Don haka ni ke ɗauko jikata Fien, mai kirana Bompa, wato kaka. Tun daga bakin ƙofa take fara neman tsokana.

"Bompa, yau ma fanke? Kai ba ka iya dafa komai ba sai abu ɗaya?"

"Wanda bai so sai ya zauna da yunwarsa."

"Ni ban ce ba na so ba. Cewa na yi ba ka iya ba."

Ƙwai huɗu nake fasawa a ƙullin. Ta ci fanke uku ko huɗu da sukari, da yamma kuma in cika musu kwali da ƙwai goma sha biyu su tafi da shi gida. Ina alfahari da wannan ƙwan. Kwaiduwarsa ja ce, ba irin ta kanti ba, kuma na san abin da kajina suke ci.

Fien na da shekara bakwai wata takarda ta zo daga hukumar garinmu. An auna ƙasar unguwanninmu, an samu wasu sinadarai daga masana'antar da ke tsallaken ruwa, irin waɗanda ba sa ruɓewa. Kaza ta tsattsagi ƙasa ta ci tsutsa, sinadaran su taru a ƙwanta, mutum ya ci su zauna a jininsa shekara da shekaru. Takardar ta ce a daina cin ƙwan kajin gida, musamman yara da masu ciki. Akwai taswira a baya, an zana da'ira a kan wuraren da abin ya shafa. Layinmu na cikin da'irar, ba ma a bakinta ba.

Na kai wa maƙwabcina Rik ta kan shinge. Ya karanta, ya yi tsaki.

"Staf, shekara nawa muna cin ƙwan nan? Dube ni, saba'in da huɗu, har yanzu da keke nake zuwa kamun kifi. 'Yan ofis ne kawai suka rasa aikin yi."

Abin da nake so in ji ke nan. Na ninke takardar na cusa cikin gwangwanin da nake ajiye irin wake.

Griet a wata ƙaramar hukuma daban take zaune, ba a aika musu komai ba. Amma ta ji a labarai. Tana sa wa Fien takalmi a bakin ƙofata ta tambaye ni, ba tare da ta ɗago ba.

"Baba, abin nan da ake ta faɗa na ƙwai, bai shafi nan ba ko?"

"Mu muna can gefe," na ce. "Na kusa da ruwan ne."

Ta karɓi kwalin ta sa a jaka. Wata goma sha huɗu ina ba ta wannan kwalin.

Ba zan ce mantawa na yi ba. Duk bazara in na buɗe gwangwanin sai na ga takardar. Abin da nake gaya wa kaina shi ne Lutgarde ta ciyar da Griet da ƙwan gidan nan, ga ta nan lafiya ƙalau. Gaskiyar kuwa, in na daina ba su ƙwai ban san me kuma zan ba su ba.

A kakar da ta shiga shekara tara Fien ta canza. Ta daina tsokanata. Sai ta zauna kan kujera da rigar sanyi biyu, ga na'urar ɗumama ɗaki a kunne. Malamarsu ta ce tana gyangyaɗi a aji. Wandon da aka saya mata bara har yanzu yana jan ƙasa, alhali ƙawayenta duk sun kere ta. Likita ya sa aka ɗebi jini. Ya ce akwai wani ɗan ƙullutu a maƙogwaro da ke tsara girman jiki da ɗuminsa, nata ya yi sanyi, ba ya fitar da abin da ya kamata. Za ta riƙa shan ƙwaya ɗaya kowace safiya, wataƙila har iya rayuwarta.

Ranar Asabar na je gidansu da rana. Na tarar da Griet a kicin ta baje komai a ƙasa. Robobin ajiye abinci, kofunan Fien na tun tana jaririya, kaskon suya guda biyu masu baƙin shafe, duk tana jefa su cikin buhun shara. Mijinta Wannes na tsaye ya rasa abin yi.

"Griet, likita bai ce haka ba," in ji shi.

"Na karanta da idona." Ta ɗaga wata roba da miya ta rina ta ja. "A cikin wannan nake ɗumama mata abinci tun tana shekara biyu. Kullum. Saboda ina sauri, saboda na gaji. Zafi ya narkar da abin ya shiga abincin, ni kuma in ɗauki cokali in ba ta a baki." Ta juyo gare ni. "Baba, Mama ba ta taɓa yin haka ba. Kai kaɗai ne ke ba yarinyar nan abincin kirki."

A hannuna akwai kwalin ƙwai, don ranar Laraba sun manta da shi. Na ajiye shi kan tebur, na ja kujera na zauna.

"Layinmu na cikin da'irar," na ce.

"Wace da'ira?"

Na gaya mata. Takardar, taswirar, gwangwanin, ranar da ta tambaye ni. Ban ambaci Rik ba, don ba shi ya yi mata ƙarya ba. Ta saurara har na gama, robar tana hannunta.

"Na tambaye ka fa," ta ce a hankali.

"Kin tambaye ni."

"Wannes, ka raka shi mota."

Mako biyar ba ta ɗauki wayata ba. Wannes ne ke turo mini saƙo, gajere, cewa maganin ya fara karɓarta. An sake auna jinin Fien don neman waɗancan sinadaran, aka same su da yawa fiye da na yawancin yara. Na ɗauki sakamakon da ya turo na je wurin likitana, wata mata mai haƙuri da ta san ni tun ciwon Lutgarde.

"Ki gaya mini kai tsaye. Ni ne?"

"Ba zan iya ce maka kai ne ba," in ji ta. "Akwai yaran da ke samun wannan ciwon ba su taɓa ganin kaza ba. Amma ba zan iya ce maka ba kai ba ne. Irin waɗannan sinadaran suna iya taɓa wannan ƙullutun, shi ya sa aka rubuto muku."

Na fito ban samu ko ɗaya daga cikin amsoshi biyun da na je nema ba.

Kajin ban yanka su ba, ba su yi laifin komai ba. Kowace safiya nakan kwashe ƙwan in fasa a kwandon shara, don kada wani ya tsinta. Rik na kallona ta kan shinge.

"Asara kawai," ya ce wata rana.

"Jikokinka na zuwa ranar Lahadi, Rik. Me kake soya musu?"

Ya shige gida, kwana uku bai gaishe ni ba.

A farkon Disamba Griet ta kira. Ba ta tambayi lafiyata ba. Ta ce ranar Litinin za a ɗebi jinin Fien a duba ko maganin ya yi daidai, ita ba za ta samu fita daga aiki ba, Wannes kuma yana garin Gent. Ƙarfe goma. Kada in saya mata komai a hanya.

A ɗakin jira Fien na ta kaɗa ƙafa. Fuskarta ta ɗan washe, rigar sanyi ɗaya ce a jikinta.

"Bompa, Mama ta ce kajinka ne suka sa mini ciwo."

"Ba a sani ba ko su ne. Abin da aka sani, an gaya mini in daina ba ki ƙwan, ban daina ba. Mamarki ta tambaye ni, na yi mata ƙarya."

Ta daina kaɗa ƙafa. "Me ya sa?"

"Wauta ce irin ta tsofaffi."

"Ni in na yi ƙarya, mako guda ba na kallon talabijin."

"Nawa hukuncin ya fi haka tsawo."

Ta yi nazari, kamar tana duba ko an yi adalci. Sai ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta kira sunanta. A ciki Fien ta naɗe hannun riga da kanta, ta miƙa hannun hagu, da na dama kuma ta damƙe mini yatsu biyu. Ma'aikaciyar ta ɗaure mata damtse tana neman jijiya. Na ga allurar ta shiga, kwalbar ta fara cika.

"Bompa, juya kanka can," in ji Fien. "Kai ne za ka faɗi, ba ni ba."

Ban juya ba. Aka cika kwalba biyu, aka manna mata auduga, muka fito neman inda na ajiye mota.