Ɗan Notin Da Ya Faɗa Rariya

Ranar Asabar da hantsi Rilwanu yana zaune a sashensa, can ƙarshen gidansu na Ƙofar Jatau, ya baje kayan sigarinsa na lantarki a kan faifai. Irin wanda mutum ke kwancewa da kansa ne, ya naɗa sabuwar waya, ya zura auduga, sannan ya ɗaure da noti biyu waɗanda ba su kai ƙwayar shinkafa ba. Yana cikin ɗaurawa ɗaya ya kufce, ya yi tsalle biyu a kan siminti, ya shige rariya.

Matarsa Radiya ta zo da tsintsiya da tocila, suka tona rariyar har suka samo cokalin shayin da ya ɓata tun bara, amma noti ya ce ku neme ni inda kuka ajiye.

"Abban Hidaya, ba ya aiki da guda ɗaya?" in ji ta.

"Ba ya yi."

Tsoro ya nuna a fuskarta. Shekara goma sha tara Rilwanu ya yi yana shan taba a ɓoye, sai ya tafi har Tudun Jukun inda ba idon sani, ya dawo yana taunar kanumfari. Wata bakwai ke nan da ya yi mata alkawarin ya bari, kuma wannan ɗan abin ne ya riƙe masa alkawarin. Ya san kansa sarai. In ya ci abincin rana babu shi a hannu, ƙafarsa da kanta za ta kai shi teburin mai taba.

Ya hau babur ya nufi unguwar Kongo, wurin masu gyaran waya. Suka zazzage masa noti fiye da talatin, duk sirara, suna yawo cikin ramin. Mai gyaran tabarau ya gwada nasa, ya girgiza kai, ya ce, "Yallaɓai, ka baro gwani a unguwarku. Je wurin Malam Nasidi mai agogo."

Abin da Rilwanu ke gudu ke nan tun safe. Malam Nasidi aminin mahaifinsa ne, sahu ɗaya suke tsayawa a masallaci tun kafin a haife shi. Sai da ya zaga rumfar tsohon sau biyu kamar mai neman adireshi, sannan ya faka. Ya cire gindin abin kaɗai, ya cusa sauran a aljihu, ya yi sallama ya durƙusa. Aka gaisa, aka tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, sannan ya miƙa.

"Baba, ɗan noti nake nema irin wannan."

Malam Nasidi ya maƙala madubinsa a ido, ya jujjuya ƙarfen. Kowa a unguwar ya san ƙa'idarsa: ba ya ba da noti sai ya san aikin da zai yi, ko da na murfin rediyo ne.

"Na mene ne?"

"Na wani ɗan inji ne, Baba."

"Injin me? Zafi na taɓa shi? Ruwa fa? In na ba ka wanda bai dace ba, kwana uku zai yi tsatsa ya cije, ka ce Nasidi ya tsufa."

Rilwanu ya dubi agogunan da ke rataye, kowanne da lokacinsa. Wanda ya fi kama da mai gaskiya ya nuna ɗaya saura kwata, kuma tuni bakinsa ya fara tsinkewa da sha'awar da ya sani. Yana iya karɓe kayansa ya yi godiya ya tafi da mutuncinsa, amma ya san inda zai ƙare. Sai ya sunkuyar da kai, ya zaro sauran ya ajiye a kan tebur, ya faɗi komai. Mutum mai shekara talatin da takwas, da 'ya'ya uku da tebur nasa a ofis, sai ga shi yana bayani kamar yaron da aka kama.

Tsohon bai ko ɗago ba. Ya jawo wani gwangwanin madara, ya zuba abin ciki a kan farin ƙyalle, ya yi ta tsinta da hantsaki. Na huɗu ya shiga, amma ya yi tsawo. Ya kama shi ya goga a hankali, ya hure, ya sake gwadawa, ya zauna daram.

"Wannan ba ya tsatsa. Wata nawa ka ce?"

"Bakwai, Baba."

"Masha Allahu. Shi ma wannan Allah ya nuna mana ranar da za ka ajiye shi." Ya cire madubin. "Mahaifinka ya sani tun kana ajin ƙarshe na sakandare. A kan bencin nan ya zauna ya gaya mini. Na ce ya yi maka faɗa, ya ce kai ɗan fari ne, ko sunanka ba ya kira, ina zai iya. Kuma ya ce muddin kana ɓoyewa, da sauran kunya, ba ya so ya fasa ta da bakinsa. Addu'a kawai yake yi."

Rilwanu ya karɓi kayansa da hannu biyu. Kunya ta kama shi, amma daɗin da ya ji ya fi ta yawa.

Da ya iso gida ya tarar da mahaifinsa a zaure, a kan buzu, yana jiran kiran azahar. Shekara da shekaru daga bakin ƙofa yake gaishe shi, don kada wari ya tona shi. Yau ya tuɓe takalmi, ya ƙarasa ya zauna har gwiwarsa na taɓa gefen buzun.

"Barka da rana, Baba."

Tsohon ya amsa, idonsa na kan carbi. Ya ja ƙwaya biyu ko uku, sannan ya ce, kamar da bango yake magana, "Kwana biyu ba na jin tarin nan da asuba."

"Wata bakwai ke nan, Baba."

"Na sani," in ji tsohon. "Ina ƙirgawa."