Inna Hure Ta Ce Da Sauƙi

"Ku daina tambayar mutanenmu 'ya jiki'," in ji Inna Hure, ta buga sandarta a simintin ɗakin taron. "Wallahi ko rai na fita, da sauƙi za su ce muku."

Ni na rako ta ranar, don katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nata, ga gwiwarta ba ta son tafiya. Asibitin yankinmu ne ya kafa kwamiti, wai marasa lafiya da masu jinya su riƙa ba da shawara don Allah, a gyara aiki. Shekarar amai da gudawa ce, ga damina biyu gero bai yi kirki ba. Inna Hure ce ta fara ba da sunanta, saboda a gadon asibitin nan mijinta Sama'ilu ya cika yana ce wa nas da sauƙi.

"To me za mu ce, Inna?" Malam Badaru, shugaban ma'aikatan jinya, ya tambaya yana danne dariya.

"Ku ce ina ke ciwo, nuna min. Ku taɓa mutum da hannunku. Ku ja mai jinya gefe ku tambaye shi sau nawa aka zaga. Mu an rene mu a kan ƙorafi rashin godiyar Allah ne. Ku kuwa sai ku rubuta an samu sauƙi, ku wuce gado na gaba."

Ya kuwa rubuta, da idona na ga biron yana tafiya. Aka ɗauki hoto, aka ce an gode. Taro biyar ta je a bayan babur, sau biyar ta maimaita maganar nan, har ma'aikata suka laƙaba mata Inna Da-sauƙi. Su a wurinsu abin dariya ne!

Ana tsakiyar yankan gero ciwon ya kama ta. Na shiga aron rariya da hantsi, na tarar da ita kwance a ƙofar ɗaki, idanu sun faɗa. A amalanken shanu muka kai ta bakin titi.

Da muka isa asibiti, ɗakin mata a cike yake, wasu har a ƙasa. Aka ɗaura mata ruwa leda ɗaya. Da azahar Malam Badaru ya shigo zagaye da takarda a hannu.

"A'a, yau Inna Da-sauƙi ce a gadonmu? Ya jiki?"

Na zuba mata ido. Wallahi na ga tana kokawa da bakinta. Leɓenta ya motsa, ta dubi rufi, ta dube shi. Amma abin da aka rene ta da shi shekara saba'in ya fi ƙarfinta.

"Da sauƙi, alhamdu lillahi."

"Malam, babu sauƙi!" na ce. "Tun safe sau tara ta zaga. Taɓa hannunta ka ji, sanyi ƙalau."

"Baiwar Allah, ita da bakinta ta faɗa. Kin fi ta jin jikinta ne?" Ya yi rubutu, ya wuce.

Ledar ruwan ta ƙare. Sau uku ina zuwa teburinsu, ana duba takarda ana ce min ai tana samun sauƙi, ragowar ruwan na waɗanda ciwonsu ya yi tsanani ne. Kafin in idar da sallar la'asar ta cika.

Har yau ban manta ba. Matar nan ba gini ta ce a yi ba, ba inji ta ce a sayo ba. Tambaya ɗaya ta ce a canza, haba jama'a!

Ranar sadakar uku Malam Badaru ya zo gaisuwa, aka yi masa iso wurin mata. Kwana uku ina tanadin abin da zan gaya masa, kalma bayan kalma. Ya durƙusa a gefen tabarma.

"Ya haƙuri?"

Na buɗe baki.

"Da godiya," na ji kaina na ce.

Ya shafa fatiha ya fita. Sandar Inna Hure tana jingine a ƙofar ɗakinta, inda na ajiye ta ranar da muka ɗauke ta.