Cocin Baba Sitefan

"Munkaila, ka iya wankan gawa?"

Lemo nake ɓare masa, saura ƙiris wuƙar ta yanke ni. Baba Sitefan, tsohon Baturen Folan da ƙofarsa ke kallon tawa a unguwar Liwan ta ƙasar Sin, yana kwance ya rame kamar sillen kara. Asibiti sun sallamo shi, irin sallamar da ba ta samun sauƙi ba.

"Na iya, Baba. Amma na Musulmi."

"To, ni fa?"

Ya nuna hoton da ke bango: wani koren ginin katako mai hasumiyoyi, a tsakiyar itatuwa. Tun da na tare a gidan nan coci na ɗauke shi. Duk Kirsimeti sai na kai masa kek, ina jin kaina gwanin iya zama da mutane. Shi kuwa ya karɓa, ya yi godiya, ya cinye.

"Matsa kusa. Dubi kan hasumiyar."

Na matsa. Jinjirin wata ne, ɗan mitsitsi. Ni da nake cika baki ina gane jabun fata daga nesa a kasuwar jakunkuna ta Shiling, ban taɓa lura da shi ba.

"Masallacin garinmu ne, Kurushiniyani. Kakanninmu Tatar ne, mayaƙa. Sarki ya ba su ƙasa suka zauna, sama da shekara ɗari uku. Kakata ta ce kafintocin yankin, coci kaɗai suka iya ginawa. Sai suka gina abin da suka iya, aka fuskantar da shi alƙibla." Tari ya sarƙe shi. "Salla ta kuɓuce mini tuntuni. Amma kada ka bari a ƙone ni. A nan, wanda ba shi da kowa toka yake zama."

"Haba Baba! Me ya hana ka faɗa?"

"Kek ɗin da daɗi."

Ranar Talata da hantsi ya cika, da kalmar shahada a bakinsa, cikin wani lafazin da ban taɓa ji ba. Na sha zirga-zirga tsakanin limamin Sinawa da hukuma kafin a ba mu shi da gurbi a maƙabartar Musulmi. Na kira Illa, Bamaraɗe mai sarin wandunan jins, ya taya ni wanka.

Illa ya tsoma hannu a bokiti.

"Ruwan nan da sanyi, Alhaji."

"Ɗan ƙasar ƙanƙara ne fa."

Illa ya tsiyaya ruwan zafi daga buta, ya gwada da gwiwar hannu kamar mai shirin yi wa jariri wanka. Muka naɗe hannun riga, tururi na tashi a hankali tsakaninmu.