Abin da Baba Yake Lalube

"Sake murɗawa, ɗan nan," Inna ta ce daga bakin ƙofa.

Makanike ya sake murɗa makullin. Injin ya juya, ya juya, ya yi tari, ya ƙi tashi. Tun hantsi abin da ake yi ke nan. Baba, maƙwabcinsa mai taraktar, ya faɗi a tsakar gida da hantsi, ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta ɗauke. Ruwan kwana uku kuma ya mai da hanyar asibiti taɓo, motar da aka kira ma ta maƙale. Ba abin da zai fitar da shi sai wannan tsohuwar tarakta mai shan fetur.

Batir lafiya lau. Mai har wuya. Ya kwance fulogi ya goge, ya kankare kontak, har ya jawo waya daga batir kai tsaye zuwa kwayil, amma ko ƙyallin wuta babu. Shekara ashirin yana wannan aiki, bai taɓa ganin ƙarfe mai taurin kai haka ba. To, halin mai shi ya ɗauko. Tun da aka sace wa Baba injin ban ruwa bai ƙara yarda da kowa ba, ko sifana ba ya bari a ɗora wa taraktar nan.

"Jiya fa ya yi huɗa da ita," in ji Inna, matar Baba. "Da kunnena na ji."

"Ni ma na ji, Inna. Abin da ya ɗaure min kai ke nan."

Ya shiga ɗakin, hannunsa duk baƙin mai. Baba na kwance a gadon ƙarfe, idonsa biyu. Makanike ya durƙusa.

"Baba, wuta ba ta zuwa fulogi. Me kake yi mata in ta yi haka?"

Baba ya dube shi, leɓensa na rawa. Hannunsa mai lafiya ya zame daga kan katifa, ya shiga lalube a ƙarƙashin gadon.

"Tun ɗazu haka yake yi," Inna ta ce. "Na ba shi tabarau ya ture, na ba shi rediyo ya ture. Malam, me ka ajiye a nan ne?"

Makanike ya leƙa. Takalma ne da tsohon akwati. Ya ɗago hannun ya mayar kan katifa. Hannun ya sake zamewa, hawaye ya gangaro wa Baba har cikin kunne.

"Sannu, Baba. Yanzu za ta tashi."

Ba ta tashi ba. Rana ta karkata yana bin wayoyin da ya riga ya bi sau uku, sai ya ji kukan Inna. Ya san Baba ya cika, bai iya shiga ba. Ya hau kujerar taraktar ya zauna, jikinsa ya mutu, hannunsa ya faɗi gefe. Yatsunsa suka taɓa wani ɗan abu a ƙarƙashin kujerar.

Ɗan makunni ne, an naɗe shi da tsumma, siririyar wayarsa ta ɓuya cikin laka. Maganin ɓarayi, mai katse wuta. Ya tura shi, ya sauko, ya zare wayar kwayil ya riƙe ta dab da ƙarfe, ya miƙa ɗaya hannun ya murɗa makulli. Wuta shuɗiya ta yi tsalle, tas-tas-tas.

Abin da Baba yake lalube ke nan. Waya ɗaya ta rage; in ya mayar, injin zai tashi, Inna za ta ji.

Ya daɗe a tsaye da wayar a hannu. Sannan ya sa hannu ƙarƙashin kujerar, ya mayar da makunnin yadda mai shi ya bar shi, ya gyara tsumman. Ya cire takalmansa a bakin ƙofa ya shiga. Hannun Baba yana nan a gefen gado, yana reto.