Takardu a Cikin Takalma

Akosua ta sa takardun wa'azi a cikin takalman masallata ranar Juma'a. Cocinmu ɗaya da ita. Kifi take sayarwa, sabuwar zuwa ce unguwarmu Asawase a Kumasi, ko gaisuwar Hausa ba ta iya ba.

Ni Atinga ne, kafinta. Kirista nake. A gidan Alhaji Shakiru nake haya tun kafin a haifi 'ya'yansa. Ni nake gyara makarar masallacin unguwa. Ban taɓa ɓoye addinina ba. In an tambaye ni, in faɗa. In ba a tambaye ni ba, in ci gaba da aikina.

Da aka idar da salla, kowa ya zura ƙafa ya taka takarda. Da sunan Allah a jiki, da sunan Yesu, wanda su suke kira Annabi Isa. Sunan cocinmu kuma a ƙasa.

Ina wurin aiki a unguwar Anloga labari ya same ni. Wai an ga wata mace tana sunkuyawa wajen takalma. Na san ko wace ce, don ranar Lahadi ta ɗebi takardu fiye da kowa. Na yar da zarto na hau trotro, ƙaramin bas na haya. Kamar ba ya tafiya.

Na same ta tana juya kifi. Da yaren Twi muka yi magana.

"Papa, ba sa karɓa a hannuna," in ji ta. "Amma kowa dole ya koma wa takalminsa."

"Ke a takalmi kike ajiye Baibul ɗinki?"

Ta ci gaba da juya kifinta. Na ƙara mata.

"Mutumin da ba ki taɓa gaishe shi ba, me za ki gaya masa a kan Yesu? Shiga ɗaki. Kar ki fito sai na aiko."

Ban zauna ba. Na nemi fasto, ya yi tafiya. Na kira wayarsa, a kashe. Na koma gida a ƙafa.

Samari sun cika ƙofar gida. Rafiu, ɗan Alhaji, yana gaba da takarda a hannu.

"Baba Atinga, ashe ku ma kun fara facin takalmi a coci?"

Wasu suka yi dariya. Shi bai yi ba.

Alhaji ya kira ni zaure. Bai ce in zauna ba.

"Atinga, ka san ta?"

"Na san ta, Alhaji. Rashin sani ne. Na yi mata faɗa. Ka kai ni wurin liman in ba da haƙuri da bakina."

"Ba kai ka yi ba. Yaran nan gidanta suke nema."

"Su yi mata me?"

"Magana."

Na leƙa waje. Wani yana riƙe da guntun tiyo.

Alhaji ya rage murya. "Ana cewa na ajiye ka kana ci min addini. In ba ka nuna ba, ba zan iya tare maka ba. Sai ka bar ɗakin."

A ɗakin nan matata ta rasu. Ba ni da wani wurin a Kumasi. Na dafa bango.

Rafiu ya matso bakin zaure. "Baba, faɗa mana layin gidanta kawai. Ba sai ka je ba."

"Ba zan nuna ba."