Kurkum a Rigar Tunkuza

Ba zan ɓoye ba, ni ma na sha sauya hanya in na hango Mushe Sha'ibu, malamin jami'ar nan, don gaisuwarsa ba ta ƙarewa sai an kai ga kurkum, gangamau ɗin nan na miya.

Shekara tara yana kan abu guda a labo, ɗakin gwaje-gwajen jami'a. Sinadarin da ke ba kurkum launinsa, in ji shi, yana da amfani a jiki, sai dai taurin kai gare shi: ba ya narkewa a ruwa, hasken rana na kashe shi, ga ɗaci. Shi kuwa Sha'ibu sai ya tatso furotin daga tunkuzar gyaɗa, ya ɗinka wa sinadarin riguna ƙanana waɗanda ido ba ya gani, don ya shiga kunu ba tare da harshe ya tsinkaye shi ba. Matarsa ta koma gidansu a Mirriya tun a shekara ta huɗu. Da rana yana cin shinkafa da wake shi kaɗai a gaban firigon da yake sanyaya sinadarin, yana addu'ar kada a ɗauke wutar kuran.

Da garin kurkum ɗin ya fito yadda yake so, sai ya rasa mai ɗanɗanawa. Ɗalibansa ko toka ya dama musu za su ce zuma ce, tun da shi ke gyara takardunsu. Nasa harshen kuwa ya daɗe da sabawa. Mutum ɗaya ya sani wadda ba ta yabo don kunya: yayarsa Ramlatu ta Gidimuni, wadda ta goya shi, wadda kan kurɓi miya sau ɗaya ta faɗi rijiyar da aka ɗebo ruwan. Ita ce ta taɓa cewa an tura shi Faransa ya dawo yana wasa da kayan miya. In ita ba ta ji ɗaci ba, to shekarunsa ba su tafi a banza ba.

Ranar Asabar ya ɗaure kwalbar garin a bayan babur, ya lulluɓe ta da tsohon rawani saboda rana.

Ya tarar da ita a gindin dabino tana ɓarar gyaɗa, ta rame.

"Ikon Allah! Auta, ashe hanyar nan ba ta rufe ba?"

"Aiki ne, Yaya."

"Aikin kurkum? Har yanzu bai nuna ba?"

Ya roƙi ta dama kunun gyaɗa, ya auna cokali guda ya zuba. Garin ya baje cikin kunun, babu gudaji, babu abin da ya taso sama. Ya miƙa mata ƙwarya.

"Ka mayar min da kunu kamar ƙunshin amarya," ta ce, ta kurɓa.

"Yaya, me kika ji?"

"Zafi."

"Ban da zafi. Ɗaci fa? Ko wani ƙamshi-ƙamshi?"

Ta sake kurɓa, ta dube shi, ta daɗe.

"Ban ji komai ba, Sha'ibu."

Sai da ya zauna a kan turmi. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa.

"Kuka kake yi, ƙaton banza? Ka kwana mana, a yanka maka zabo."

Ya ce ba zai iya ba, rahoto na jiransa. Ta rako shi har bakin tafki, tana tafiya a hankali, shi kuma yana gaba yana jera jimlar farko a ransa da Faransanci. A kan hanya har waƙa ya yi, shi da bai taɓa ba. Da ya iso Zinder ya duba wayarsa ya ga babu wanda zai kira ya faɗa wa, sai ya sayi tsire na mutum biyu.

Wata bakwai ke nan harshen Ramlatu bai raba gishiri da sukari ba, tun zazzaɓin da ya kwantar da ita da damina. Duk Gidimuni an sani.